Ido ba mudu ba: Abin da kallo ya ƙwace mana a bakin akushi

A yawancin gidajenmu na birane, tsakanin sallar Magariba da ƙarfe tara na dare, ayyuka biyu ne ke gudana a lokaci guda: ana cin tuwo, ana kallo. Hannun dama yana cikin kwano, ido yana kan akwatin talabijin, ko kuma kan wayar da ke hannun hagu. Mun saba da wannan yanayi har ba ma ganinsa, kamar yadda mazaunin bakin kasuwa ba ya jin hayaniyarta. Amma ina da yaƙinin cewa wani babban kaso na lafiyar 'ya'yanmu da tarbiyyarsu a wannan sa'ar yake tsiyayewa, kaɗan-kaɗan, kowane dare, kuma ba mu cika sa shi cikin lissafin asarorinmu ba.

Shekaru da dama ke nan ina koyarwa a jami'a, kuma akwai tambayar da nakan jefa wa ɗalibai 'yan aji ɗaya idan darasi ya biyo ta kan zamantakewar iyali. Nakan ce wanda ya ci abincin daren jiya ba tare da yana kallon komai ba ya ɗaga hannu. A zauren da ya cika maƙil, hannuwan da ke tashi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Daga nan sai in tambayi sauran: ƙoshi ne ya sa kuka tsame hannu, ko kuwa abincin ne kuka lalubo kuka ji ya ƙare? Sai dariya ta ɓarke. Dariyar nan ita ce amsar, kuma ita ce ta sa na ga ya dace in kawo maganar wannan fili.

Masu kira a riƙa cin abinci tare da iyali sukan aro hoton Turawa: uba da uwa da 'ya'ya kewaye da teburi, kowa da farantinsa da cokali, ana ci ana hira. Wannan hoto bai taɓa zama namu ba, kuma babu dalilin da za mu yi kukan rasa abin da ba mu taɓa mallaka ba. A gidan da na tashi cikin birnin Zariya, a ƙarshen shekarun 1980, ba a haɗa kowa da kowa a kwano ɗaya. Mahaifinmu da ƙannensa da maƙwabta a ƙofar gida suke ciyayya bayan Magariba, kowane gida ya fito da akushinsa, a cinye na wannan a koma kan na wancan. Iyayenmu mata suna tsakar gida da nasu kwanon. Mu yara maza muna da langarmu, 'yan mata suna da tasu. Kunya kaɗai ba za ta bar ɗan fari ya sa hannu a kwano ɗaya da mahaifinsa ba. Hira kuwa ba a yawaita ta. Wanda daɗin miya ya kwashe shi ya saki baki, dariya za a yi masa a ce santi yake yi.

To, tunda babu teburi babu hira, me muke da shi? Muna da ido. Babu mai cin abinci ba tare da idon wani a kansa ba, shi ma kuma idonsa yana kan kwano da kan abokan cinsa. Dokokin bakin kwano sanannu ne ga duk wanda ya taso a irin wannan gida. A wanke hannu, a yi bisimilla. Ka ci gabanka, kada hannunka ya tsallaka gaban wani. Ƙaraminku shi ke riƙe bakin kwano da hannun hagu don kada ya yi ta yawo a kan tabarma. Idan akwai tsokar nama, ba mai taɓa ta sai babba ya raba. Kada ka kai loma baki alhali ba ka haɗiye ta farko ba. Babba ne ke fara tsame hannu ya bar wa ƙarami suɗi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan dokoki, idan masanin abinci na yau ya duba ta, zai tarar darasi ce a kan kima: ci a natse, sanin rabonka, da tsayawa kafin ciki ya yi nauyi. Hakan ya kuma zo daidai da koyarwar addini da muka taso a kai, wadda ta kwaɗaitar da a kasa ciki uku, tsakanin abinci da ruwa da numfashi.

Idon da ya fi kowanne kaifi a gidanmu na kakarmu ne. Takan shimfiɗa tabarmarta nesa kaɗan da langarmu, tana ɓarar gyaɗa ko tana jan carbi, kamar ba ruwanta da mu. Wata rana ta kira mahaifiyarmu ta ce a duba jikin ƙanena, domin tun jiya loma uku yake yi ya janye hannu. A lokacin yaron yana ta wasansa, ba wanda ya ga alamar komai. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, sai dai an riga an kai shi asibitin sha-ka-tafi tun da safe. Haka take gane wanda aka yi wa duka a makaranta, da wanda ya cika cikinsa da alawa a hanya, da wanda yayyensa suke cinye masa rabo. Hausawa suka ce ido ba mudu ba, ya san kima. Kwanon tuwo shi ne wurin da ake auna kowane yaro sau ɗaya a rana, ba tare da an sa masa ma'aunin zafi a hammata ba.

Adalci ne a faɗi cewa wancan tsari yana da nasa aibin. Mai saurin hannu yakan ci rabon mai sanyin jiki idan babu babba a kusa. Ruwan wanke hannu ɗaya kowa ke tsoma hannu a ciki, ba sabulu. Tsoka mafi kyau akushin maigida take tafiya, alhali yaro mai tasowa da mace mai ciki su suka fi bukatarta. Waɗannan abubuwa ne da ilimin zamani ya gyara mana, kuma ba mai hankalin da zai nemi a dawo da su. Lurar da ke cikin tsarin ita ce abin da ya kamata mu riƙe, kuma ita ce abin da muka saki.

Yadda muka sake ta ba a dare ɗaya ya faru ba. Talabijin ya fara aiki a Najeriya a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962, aka kafa NTA a 1977. A zamanin yarintarmu tasha ba ta buɗewa sai da yamma, kuma tana rufewa idan dare ya yi. A layinmu gida ɗaya ne ke da akwatin, baƙi da fari. Ranar da za a nuna Samanja, da wuri muke gama tuwo, mu wanke hannu, mu ruga mu kama wuri a tsakar gidan maƙwabcin, muna addu'ar kada NEPA ta ɗauke wuta. Ci yana da lokacinsa da wurinsa, kallo ma yana da nasa. Daga baya bidiyo ya shigo da fina-finan Indiya da na Hausa a shekarun 1990, sai tauraron ɗan'adam, sai tashoshin Hausa masu watsa shiri dare da rana, irin su Arewa24 da ta fara a 2014. Janareta da sola suka kawar da shamakin da rashin wuta yake yi. Kallo ya rasa iyaka, sai ya malalo cikin lokacin abinci.

Abin mamaki shi ne talabijin ya yi wani abu da al'ada ba ta yi ba: ya tara uba da uwa da 'ya'ya a falo ɗaya. Sai dai ya jera su ne kamar fasinjojin mota, duka suna fuskantar gefe guda, wani yana kallon ƙeyar wani. Da wayar hannu ta zo kuwa, ko wannan taron ma watsa shi ta yi. Kowa ya ɗauki farantinsa ya shige ɗaki, uwa ta gano wanda ya ci da wanda bai ci ba sai da safe wajen wanke-wanke, idan ma ita ce mai wankewar.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Abinci ai ciki yake tafiya, ko ana kallo ko ba a yi. Amsar ita ce ƙoshi ba a ciki kaɗai yake faruwa ba. Saƙo ne da ciki da hanji ke aika wa ƙwaƙwalwa ta jijiyoyi da wasu sinadarai na jini, kuma saƙon yana ɗaukar lokaci kafin ya isa. Likitoci kan kiyasta kusan minti 20. Mai ci cikin gaggawa, hankalinsa na kan wasan ƙwallo ko rikicin kishiyoyi a fim, yakan wuce iyaka kafin saƙon ya zo, idan ya zo ma ba lallai ya saurare shi ba. A 2013 wasu masana a Ingila suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 24 da aka yi a kan wannan batu. Suka gano cewa ci cikin shagala yana ƙara yawan abin da mutum ke ci a zaman, kuma ƙarin ya fi yawa a cin da ke biyo baya, domin ƙwaƙwalwa ba ta riƙe cewa an ci ba. Wannan ne ya sa mutum zai tashi daga kan tuwo, kafin a gama shiri ya fara laluben cincin. Haka kuma a 2011 mujallar likitocin yara ta Amurka, Pediatrics, ta buga wani nazari da ya nuna yaran da ke cin abinci tare da iyalinsu aƙalla sau uku a mako sun fi kasancewa da daidaitaccen nauyi, sun kuma fi cin abinci mai gina jiki. Gaskiya ne a ƙasashen da ba namu ba aka yi akasarin waɗannan bincike, amma jikin ɗan'adam ɗaya ne, kuma abin da suka gano kakarmu ta riga su sani.

Kallo yana kuma sauya irin abin da ake ci. Tuwo da miyar kuka abinci ne mai neman hankalin mai cinsa: a gutsura, a mulmula, a dangwala, a kiyaye kada miya ta zuba a riga. Mai kallo ba ya son wannan hidima. Ya fi son abin da hannu zai kai baki ba sai ido ya raka shi ba, wato biskit da cincin da soyayyen dankali da taliyar yara, a kora da lemon kwalba. Su ne kuma kayan da ake tallatawa a tsakiyar shirin, da kiɗa da launuka da yara masu fara'a. Ban taɓa ganin tallar kwaɗon zogale ko faten rama ba, domin tsohuwar da ke sayar da su ba ta da kuɗin sayen minti ɗaya a tasha.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce gram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen ɗanɗano da ƙullin da ke zuwa a ledar taliya. Ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, wanda ga matsakaicin mutum ya kama kusan gram 50. Gorar lemo guda mai rabin lita, irin mai cikakken zaƙi, ta kusa cinye wannan adadi ita kaɗai. Ta kuma nemi a ci aƙalla gram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa kullum. Mai karatu ya auna farantin gidansa na daren jiya da waɗannan alƙaluma. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da muke kira ciwon masu kuɗi, yau babu dangin da ba su da mai fama da su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake ciyar da ƙananan yara. Na sha ganin uwa, a gidan 'yan'uwa da na abokai, ta ɗora wa ɗan shekara ɗaya waya a gaba, zanen barkwanci yana tsalle, ita kuma tana tura masa cokali a baki. Yaron yana buɗe baki ba tare da ya san abin da ke shiga ba. Takan ce in ba haka ba, ba ya ci. Na fahimci gajiyarta, domin ciyar da yaro mai ƙyuya aiki ne. Amma a wannan shekarun ne yaro ke koyon bambanta yunwa da ƙoshi, harshensa yana sabawa da ɗacin ganye da yauƙin kuɓewa da tsamin yakuwa. Wanda aka ciyar a shagalce bai koyi ko ɗaya ba, shi ne zai kai shekara bakwai yana cewa shi ba ya cin tuwo. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon kallo, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, harshe ma haka.

Na san akwai wanda zai ce wannan maganar ƙoshi ce, ta malamin jami'a mai albashi. A ƙasar da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, inda magidanci ke neman mudun masara ido rufe, wa ke da lokacin damuwa da inda ido yake kallo? Wannan ƙorafi yana da nauyi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Sai dai wannan binciken dai ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan ƙasar nan nauyinsu ya wuce kima. Cututtukan biyu suna zaune a gari ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya. Kuma inda abinci ya yi ƙaranci, a nan aka fi bukatar ido, domin a nan ne ƙaramin yaro zai tashi da yunwa ba wanda ya lura. A nan ne kuma kuɗin da aka kashe a lemon kwalba, don yaro ya gani a talla ya yi kuka, zai iya sayen wake ko ƙwai ko ƙullin alayyahu. Kashe talabijin na rabin awa ba ya cin ko sisi. Yana daga cikin 'yan magungunan da talaka da mai kuɗi suke daidai a kansu.

Ba gaba nake yi da talabijin ba. Tashoshin Hausa sun raya harshenmu, sun samar wa matasa aikin yi, shirye-shiryen girki irin su Akushi da Rufi kuma sun koya wa gidaje da yawa sarrafa cimarmu ta hanyoyi masu kyau. Ni ma ina kallon labarai, ina kuma da wasan kwaikwayon da ba na so ya wuce ni. Maganar ita ce kowane abu a ba shi lokacinsa.

A gidana dokar guda ɗaya ce: abincin dare a tabarma ake cinsa, talabijin a kashe, wayoyi a kan kanta, kuma tawa ce ke fara hawa. Yaran sukan yi gunaguni idan lokacin ya ci karo da shirin da suke so, sai in tuna musu cewa yawancin shirye-shiryen nan ana maimaita su, ko a same su a YouTube, amma tuwo idan ya huce sai ɗumame. A wannan rabin awar nake jin wanda malaminsa ya yaba masa, da wadda ta yi faɗa da ƙawarta, nake kuma ganin wanda ke ture ganye gefe. Mun ɗauki zaman tare daga zamani, mun riƙe dokokin kwano daga iyaye, kuma ban ga inda suka ƙi juna ba.

A nan dole in yi magana da 'yan'uwana magidanta. Mun saba idan an zo batun abinci da tarbiyya mu jibga wa mata laifi. Matar da ta wuni a wurin aiki ko a bakin murhu, ta yi wanki, ta yi raino, ba za ta iya zama mai girki da mai rabo da mai gadi ita kaɗai ba. Da yawanmu a majalisa muke cin tsire da gurasa, mu shigo gida yara sun yi barci. Wasu kuma a kai musu kula ɗaki, su ci su kaɗai suna latsa waya, sannan su fito su yi wa yara faɗan yawan kallo. Yaro ba ya bin abin da aka faɗa masa kamar yadda yake bin abin da ya gani. Kakannin da suke zama kusa da langa yanzu suna ƙauye ko sun riga mu gidan gaskiya, gidajenmu sun koma na miji da mata da 'ya'yansu. Idan uba bai gaji wannan tabarmar ba, babu mai gadonta.

Hukumomi ma suna da rawar takawa. Ingila ta hana tallar abinci mai yawan kitse da gishiri da sukari a shirye-shiryen yara tun 2007. Ƙasar Chile ta wajabta baƙin tambarin gargaɗi a jikin irin waɗannan kaya a 2016, ta kuma taƙaita tallata su ga yara. Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, mataki ne mai kyau, amma tallar da ke shiga falonmu a lokacin da yara ke zaune ita ma tana bukatar linzami. Masu shirya fina-finanmu kuma su lura da abin da suke ɗorawa a teburin attajirin fim, domin daga nan yara ke koyon abin da ake kira cin daɗi.

Amma kafin hukuma ta motsa, abin da ke hannunmu ya ishe mu farawa. A zaɓi ci ɗaya a rana, wanda ya fi sauƙin haɗa mutanen gida. A kashe akwatin, a ajiye waya. A sa ruwa a kusa maimakon lemo, a tabbata akwai ganye ko wake a kwanon, ko da zogalen bayan gida ne. A bar yara su tsinke alayyahu, su jera kwanuka, domin wanda ya sa hannu a girki ba ya cika raina shi. Watan azumi yana nuna mana kowace shekara cewa za mu iya haɗuwa a tabarma ɗaya a lokaci ɗaya idan mun ga dama. Rigakafi dai ya fi magani, kuma layin asibitin masu ciwon suga ya fi kowane shiri tsawo. Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, Ya kuma ba mu ikon lura da amanar da Ya ɗora mana.